Yayar Kowa Ba Ta Fita Ba

Ba iyayensa ne suka raɗa masa Baba Sabunta ba, bakinsa ne ya jawo masa. Mutum ne da in ka kawo masa kukan shafinka na intanet, kafin ka gama zama zai tambaye ka yaushe rabonka da sabunta shi. Mai kantin magani ya sha wannan tambaya har ya gaji, shugabar makarantar yara ta sha ta, mai sayar da kujeru kuwa in ya hango shi tun daga nesa yake ɗaga hannu ya ce ya sabunta, ko da ƙarya yake yi. Sana'arsa ke nan, gina wa ƙananan 'yan kasuwa shafuka da tsare musu su daga masu kutse. A duk shafukan da ke hannunsa guda ɗaya ne ya bari ya tsufa da gangan, na matarsa, kuma shi ne ya kusa cin ran mutum.

Shagonsa a ƙarƙashin matakalar wani bene yake, tsakanin mai hoton takardu da mai sayar da caja. Dogon mutum ba ya miƙewa a ciki, kuma duk mai hawa sama a kan Baba Sabunta yake takawa. Da tafireta ya fara neman abinci, yana buga wa mutane takardu a bakin ofisoshi. Da kwamfuta ta zo ta kashe kasuwar, abokan aikinsa suka watse, wasu suka kama gadi, wasu suka koma gida suna zagin zamani. Shi kuwa ya samo wata tsohuwar kwamfuta, ya lalata ta, ya gyara, ya sake lalata ta, har ya gane halinta. Abu ɗaya ne na tafireta bai bar shi ba: har yau dukan maɓallan yake yi kamar sun yi masa laifi, mai hoton takardu yana cewa ta ƙarar yake gane ko maƙwabcinsa ya karya kumallo.

Wa'azinsa ɗaya ne, kowa a benen ya haddace shi. Shafi, in ji shi, ba mutum ɗaya ke ƙera shi ba. Akwai 'yan ƙananan manhajoji da wasu suka rubuta, ana ce musu fulogin, ka ɗauko ka liƙa: wannan ta jera hotuna, waccan ta akwatin da baƙi ke rubuta tambaya. Kamar ka gina ɗaki ne ka sayo taga a wurin kafintan da ba ka taɓa gani ba. Wata rana kafintan zai gano sakatar ba ta kamawa, ya aiko da gyara, ya kuma sanar wa duniya. To, ɓarayi ma suna karanta sanarwar. Abin da Baba Sabunta ya fi tsoro shi ne akwatin rubutu. In fulogin ba ta tace abin da baƙo ya rubuta ba, mugu zai iya cusa umarni a cikin magana, umarnin da ido ba ya gani amma kwamfuta tana gani. Duk wanda ya buɗe saƙon, kwamfutarsa za ta bi umarnin ba musu, don a zatonta mai shafin ne ya ba da shi. In ya kawo nan sai ya buga tebur, ya ce abin da baƙo ya rubuta ba a kai shi gaban jama'a sai an wanke shi.

Matarsa malamar firamare ce, kuma ita kaɗai ce ba ta taɓa tsayawa sauraron wannan wa'azi ba. Tana cewa ta auri mutumin da ke kulle ƙofa sannan ya dawo ya tambayi ƙofar ko ta kullu. Mace ce mai magana, irin wadda za ta shiga motar haya baƙuwa ta fito da tarihin direban da na surukarsa. Da ciwon ƙoda ya kama ta ya raba ta da aji, sai ya kai ta wani ɗaki mai tsawo a asibiti, inda aka jera kujeru, kowace da na'urar wankin jini a gefenta. Mutane kan kwanta nan na sa'o'i, hannu ɗaure da robobi, ido a rufi, kowa da tunaninsa. Ita ba ta iya shiru ba. Kafin a ankara ta san wanda ke shan ruwa a ɓoye, da wanda ba shi da mai kawo shi, da wadda mijinta ya fara gajiya.

A kujerar da ke kusa da tata akwai wani dattijo, tsohon direban jirgin ƙasa, kowa Direba yake ce masa. Ya girme ta nesa ba kusa ba, amma ita ke yi masa faɗa in ya ci gishiri, shi kuma ya ce to Yaya, na ji Yaya. Daga bakinsa sunan ya fito, Yayar Kowa, ya bi ta har ma'aikatan jinya suka ɗauka.

Ita ta sa mijinta ya gina mata shafi. Ta ce mutanen nan in sun koma gida ba su da wanda za su tambaya, kuma a gida ne tsoro yake. Ya gina mata mai sauƙi, da akwatin tambaya, da wurin amsa, da tsarin da ke tura wa duk wanda ya yi rajista saƙo a waya in ta yi sabon rubutu. Mutane suka cika shi. Wannan ya tambayi yadda zai kula da hannun da ake huda masa, waccan ta tambayi me za ta yi da ƙishirwa, wani ya sanar cewa na'urar wuri kaza ta lalace kada a ɓata tafiya. Yayar Kowa tana amsa kowa, daga kan teburin da ke bakin tagar ɗakinsu, da laftof ɗinta mai tsagaggen murfi. Kullum da gaisuwa ɗaya take buɗe rubutunta: "'Yan uwana na kujera." Kuma ba ta taɓa rufe amsa ba tare da ta ce a tambayi likita ba.

Ran da za ta bar gidan, da safe ta zauna ta amsa tambayoyi kamar kullum, ta sauke murfin laftof, ta ce bari ta ɗan kwanta. Da rana aka ɗauke ta zuwa asibiti, ba ta dawo ba.

Bayan masu gaisuwa sun ɗauke ƙafa, gidan ya yi wa Baba Sabunta girma. 'Yarsu tilo, wadda yake kira Mamana, ta koma ɗakin mijinta. Wata safiya ya ɗaga murfin laftof ɗin da niyyar kashe shi ya adana, sai allon ya farka, shafin yana buɗe yadda ta bar shi. A can sama, gefen dama, kusa da ɗan ƙaramin hotonta, an rubuta: Sannu da dawowa, Yayar Kowa. Ya daɗe yana kallon rubutun. Kowa a duniya ya san ta tafi, an rubuta a takardar asibiti, Mamana ta sanar har a shafin, amma wannan na'ura ba a gaya mata ba. A wurinta matarsa ta ɗan tashi ne daga kan tebur.

Ya san yadda abin yake, ai aikinsa ne. In mutum ya shiga shafi da kalmar sirrinsa, shafin yakan ba kwamfutarsa wata shaida, kamar katin da mai gadin babura ke ba ka, duk wanda ya nuna shi shi ne mai babur. Shaidar tana da wa'adi, in ya cika sai a nemi mutum ya sake shiga. A ranar nan Baba Sabunta ya shiga ta bayan shafin ya cire wa'adin gaba ɗaya. Ba don ba zai iya shiga asusunta ba in an fitar da ita. Shi ke riƙe da komai, yana iya sauya kalmar sirrin kafin shayi ya huce. Amma wannan zai zama shigarsa ce da sunanta. Wadda ke kan allon kuwa da yatsunta ta yi ta, kuma ita kaɗai ce abin da ta fara a gidan nan bai ƙare ba.

Ba a daɗe ba masu fulogin ɗin tambayoyi suka fitar da sabuwa. Ya karanta bayaninsu a shago, tabarau a kan hanci: sun gano ɓaraka a akwatin rubutu, ana iya cusa umarni ta nan, kowa ya gaggauta sabuntawa. A ƙasa suka ƙara da cewa in an sabunta, za a fitar da duk wanda ke ciki, kowa ya sake shiga. Ranar nan ya buga wa mai kantin magani waya, ya buga wa shugabar makaranta, ya sabunta musu, har ya yi wa mai kujeru faɗan jinkiri. Da ya zo kan shafin matarsa sai ya ce wa kansa wa zai damu da ɗan dandalin marasa lafiya, ai ba banki ba ne. Ya san ƙarya ce tun yana faɗinta. Masu kutse ba sa zaɓen shafi da ido, na'ura suke sakawa ta bi ƙofa-ƙofa tana taɓa sakata, kuma shi ya koya wa rabin benen wannan magana.

Haka ya shiga wata sabuwar al'ada tasa shi kaɗai. Kowace safiya bayan ya sha shayi, sai ya zauna a kujerarta, ya ɗaga murfin, a yi mata sannu da dawowa, ya karanta sababbin tambayoyin ta cikin asusunta. Bai taɓa rubuta ko harafi da sunanta ba, wannan kam ya kiyaye. In zai amsa sai ya je shago ya amsa da nasa asusun, mai suna Mai Kula da Shafi, amsoshi gajeru, busassu, kamar takardar ofis. Shi kansa ya san ba su da ɗanɗano.

Wata hantsi yana gyara wa mai kujeru hotuna, sai ga Mamana a bakin shagon, ba sallama, mayafi a karkace. A shagon nan ta yi wayo, a ƙarƙashin teburin nan ta yi aikin gida na makaranta, don haka ta san inda ake sunkuyar da kai, amma ranar sai da ta bugi matakalar. Ta miƙa masa wayarta.

"Baba, Umma ta yi rubutu."

Ya karɓa. Saƙon shafin ne, irin wanda ake turawa kowa. Ga hotonta, ga sunanta, ga kwanan watan ranar. "'Yan uwana na kujera," in ji rubutun, sannan ya ci gaba da cewa an samu wani sabon magani da ke wanke jini a gida, mutum ya huta da na'ura, ya huta da allura, ga inda za a danna a samu.  Abin da ba zai taɓa gaya wa 'yarsa ba shi ne, kafin tsoro ya zo, daɗi ne ya fara zuwa. Na ɗan lokaci kaɗan zuciyarsa ta yi tsalle kamar ya ji takunta a tsakar gida. Sai bayan nan hankalinsa na mai sana'a ya dawo ya ce masa an shiga.

Bai sha wahalar gano ƙofar ba. Wata tambaya ce da ta shigo kwanakin baya, daga sabon mai rajista: Yaya, ƙafafun mahaifiyata sun fara kumbura, me zan yi? Ya tuna ta sarai. Ya karanta ta da safe a kujerar matarsa, har ya ji tausayin yaron da bai san Yayar ta rasu ba. Da ya buɗe cikin tambayar yadda kwamfuta ke ganinta, sai ga umarnin a laɓe bayan alamar tambaya, layi ɗaya siriri. Aikinsa kawai ya kwafi shaidar wanda ya buɗe saƙon ya aika wa mai shi. Da ta asusun Mai Kula da Shafi ya buɗe, da shaidar da aka sata ta mutu da kanta kafin gari ya waye. Amma ta asusun matarsa ya buɗe, da shaidar da shi da hannunsa ya hana ta mutuwa.

Ya goge rubutun ƙaryar, ya goge tambayar, ya zauna ya rubuta 'yar manhajar tacewa da kansa ya ɗora wa akwatin don kada a sake cusa wani umarnin. Ya ce wa Mamana an gama. Ita kuwa ba a banza ta girma a ƙarƙashin teburin ba. Ta tambaye shi ko ya fitar da asusun Umma. Ya ce ba sai an kai ga haka ba, ya toshe ɓarakar. Ta ce toshe ɓaraka me zai yi wa wanda ya riga ya tafi da makulli? Ya ce mata ta bar masa aikinsa, da murya mai kaushi, irin wadda bai saba yi mata ba. Ta dube shi, ta gyara mayafi, ta tafi.

Abin da yake fata shi ne ɓarawon ya gaji ya yi gaba. Bai gaji ba. Rubutun ya dawo, ya goge. Ya sake dawowa da wasu kalmomi, ya goge. Ya toshe adireshin da ake shigowa ta nan, aka shigo ta wani. Kuma duk gogewar nan aikin banza ce, don kafin ya gani shafin ya riga ya tura saƙon zuwa wayoyin mutane. Ya kashe tsarin tura saƙon, washegari ya tarar an kunna. Ya rubuta gargaɗi da sunan Mai Kula da Shafi, aka cire shi, da izinin Yayar Kowa.

Safiyarsa ta lalace. Yanzu in zai ɗaga murfin laftof sai ya ji gabansa yana faɗuwa. Yakan tarar an buɗe saƙonnin da shi bai buɗe ba, tsofaffin hirarrakinta da marasa lafiya, har wanda wata mata ta gaya mata abin da ba ta gaya wa mijinta ba. Wani yana yawo a cikin kayanta, yana koyon yadda take magana, kuma yana ƙwarewa. Rubutun baya-bayan nan har da irin zolayarta a kan masu shan ruwa a ɓoye. Ɗakin ya fara yi masa kamar an shiga bayan fitarsa. Yakan dawo daga shago ya tsaya a bakin ƙofa yana duban kujerar, ko an matsar da ita. Ba a matsar ba. Mafi muni, ya kama kansa yana karanta rubutun ɓarawon har ƙarshe, ya koma farko ya sake karantawa, sannan ya goge. Ya ji kunyar kansa, washegari ya sake yi.

Da la'asar ɗin wata rana wata dattijuwa ta tsaya a bakin shagon tana tambayar mai hoton takardu ko nan ne wurin mijin Yayar Kowa. Baba Sabunta ya gane ta. Matar Direba ce, sun sha zaman jira tare a kan bencin ƙofar ɗakin wanki, ita da kwandon abinci, shi da jakar laftof. Ya ba ta kujerarsa. Suka gaisa gaisuwa mai tsawo, ta yi masa gaisuwar rashi karo na biyu, sannan ta ce ba faɗa ya kawo ta ba.

Ta ce Direba ya daina zuwa wanki. Ya sa jikansa ya yi masa odar maganin nan, wasu ƙwayoyi a kwalba ba suna, ya ce shi ya huta da allura. Ta yi magana, 'ya'ya sun yi, ya yi kunnen ƙashi. Ƙafafunsa suka kumbura, fuskarsa ta cika, jiya numfashi ya gagare shi aka kwashe shi zuwa asibiti. Likita ya ce da sun ƙara jinkiri da wani zancen ake yi.

Baba Sabunta ya ce, da muryar da shi kansa bai gane ba, ai Direba ya san ta rasu. Yana cikin waɗanda suka zo gaisuwa, da sandarsa.

"Ya sani mana, Malam," in ji ta. "Na ce masa, kai da ka je gaisuwarta? Ya ce wataƙila ta rubuta ta ajiye ne kafin ta tafi. Ya ce Yaya ba ta taɓa yi mana ƙarya ba." Ta gyara zaman kwandonta a cinya. "Ni ban san kan abubuwan nan naku ba. Abin da na zo roƙo, in da yadda za a yi ta daina yi masa magana, a yi. Ni ba ya jin tawa."

Ya ce mata to. Ya raka ta bakin titi, ya tsayar mata da mota, ya dawo ya rufe shagon da sauran rana, abin da mai sayar da caja ya ce bai taɓa gani ba. A hanya ya buga wa Mamana waya ya ce ta same shi a gida. Ba ta tambayi dalili ba.

Suka zauna a bakin tagar, shi a kujerar, ita a gefen gado. Ya kunna tasa kwamfutar kusa da laftof ɗin mahaifiyarta. Ya fara da abin da ba ya ciwo: ya kwafi dukan shafin ya adana, ya rufe shi ga baƙi na ɗan lokaci, ya bi ya tsince abubuwan da ɓarawon ya dasa a lungu-lungu. Sannan ya buɗe wurin da ke nuna waɗanda ke ciki a halin yanzu. Har zuwa lokacin yana da wani ɗan guntun fata, cewa zai ga shiga biyu da sunanta, ya kori ta ɓarawon ya bar ta gida. Shiga ɗaya ya gani. Shaida ɗaya ce aka kwafa, da ita yake zama a kujerar nan kowace safiya, da ita wancan yake yi wa marasa lafiya ƙarya. A wurin shafin, shi da ɓarawon mutum ɗaya ne, kuma sunan mutumin Yayar Kowa.

Ya ɗora yatsa a kan maɓallin, ya tsaya. Mamana ta ce in ba zai iya ba ya kawo ta yi.

"A'a, Mamana. Ni na riƙe ta."

Wannan karon bai doki maɓallin ba, a hankali ya danna. Sabuntawar ta tafi, ta gama, ba ƙara ba komai. Ya juya ga laftof mai tsagaggen murfi ya taɓa shi, allon ya yi fari, ya dawo da akwatuna biyu, babu komai a cikinsu, ɗaya na suna, ɗaya na kalmar sirri. Mamana ta rufe fuska da mayafi. Shi bai yi kuka ba a lokacin, akwai sauran aiki. Ya mayar da wa'adin shaidar yadda ya kamata, ya sauya dukan makullan, ya rage wa asusun matarsa iko ta yadda sunanta zai zauna a kan tsofaffin amsoshinta amma ba mai sake rubutu da shi har abada. Sannan ya tura wa kowa saƙo ɗaya. Ya ce shi ne mijinta, duk rubutun da ya fito da sunanta bayan rasuwarta na ɓarawo ne, maganin ƙarya ne, wanda ya daina wanki ya koma yau, kada ya jira gobe.

Saƙo ba zai ishi Direba ba, wannan ya sani. Washegari da hantsi ya tafi asibitin, ya bi doguwar barandar da ya yi rantsuwa a zuciyarsa ba zai sake bi ba. Warin maganin goge ƙasa ya tarbe shi tun daga ƙofa, ga ƙarar na'urorin nan, ƙit-ƙit, ba abin da ya sauya. An ɗora Direba a kan na'ura, fuskarsa a kumbure har idanun sun ƙanƙance. A kujerar da ke kusa da shi wata yarinya ce kwance da abin jin sauti a kunne. Baba Sabunta ya kau da kai daga kujerar.

Ya jawo kujerar roba ta masu jinya ya zauna. Ya yi wa dattijon bayani dalla-dalla, ba fulogin, ba shaida, ya ce dai wani ne ya saci sunanta ya yi ta magana da shi, kuma an kore shi. Direba ya saurara, idonsa a kan robar da jininsa ke bi. 

"To ba ita ba ce," ya ce daga baya.

"Ba ita ba ce, Baba."

"Ko ɗaya a ciki?"

"Ko ɗaya."

Dattijon ya gyaɗa kai a hankali. 

"Ai ni ma na ga ba ta ce a tambayi likita ba," ya ce. "Na gani. Kawai dai na ji daɗin ganin sunan." Ya juyar da fuska wajen bango. "Yanzu ke nan ba za ta ƙara rubutowa ba."

Baba Sabunta ya buɗe baki zai amsa, sai hawayen da bai zubar jiya ba suka zo masa a nan, a gaban ma'aikatan jinya da yarinyar mai abin kunne. Bai tashi ba. Direba ya miƙo hannun da ba a ɗaure ba, ba tare da ya juyo ba, ya dafa masa gwiwa. Haka suka zauna har na'urar ta gama wankin.